Laimar kwaɗi mai koren iri: yadda za ka gane ta mataki-mataki

Kwana biyu ko uku bayan an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, in rana ta buɗe ƙasa ta ɗau ɗumi, sai a wayi gari a ga fararen laimomi sun yi cirko-cirko a filin ƙwallon makaranta, ko a ciyawar gaban ofis, ko a makiyaya. Shekaranjiya babu su. Manya ne, wata faɗinta ya kai faranti, ga tsoka, ga tsabta, babu wani wari da zai kori mutum. Duk wanda ya taɓa zama inda ake miya da naman kaza, in ya gan su sai ransa ya biya.

A cikin masu wannan siffa akwai wadda masana ke kira Chlorophyllum molybdites, kuma ba a cin ta. A Amurka ta Arewa babu laimar kwaɗin da ta kai ta yawan jefa mutane cikin amai da gudawa. 'Yar ƙasashe masu zafi ce: ana samun ta a Afirka, har da Najeriya, da Indiya, da Ostareliya, da Amurka ta Kudu. Abin da ya sa take kama mutane ba ɓoyayye ba ne. Alamar da ke tona asirinta, wato koren launin irinta, ba ta fitowa sai ta manyanta. Tana ƙarama fara ce fes, lokacin da ta fi ba da sha'awa ke nan. Saboda haka aikin gane ta aikin haƙuri ne, kuma muhimmin matakinsa sai an kwana ana jira.

Sunanta da zuriyarta

Mu a Hausa duk abin da ya tsiro da kara da hula mukan ce laimar kwaɗi ko naman kaza, ba ma rarrabewa sosai. A nan zan riƙa kiran ta "mai koren iri". Laƙabi ne na raɗa don sauƙin magana, amma bai yi nisa da sunan masana ba. Chlorophyllum kalmomi biyu ne na Girkanci, "kore" da "ganye", ana nufin siraran faifan nan da ke jere a ƙarƙashin hula. Molybdites kuwa daga kalmar dalma ta fito, don koren nata ba irin na ɗanyen ganye ba ne, kore ne mai duhu da ya sirka da ruwan toka.

Wani Bajamushe masanin tsirrai, Georg Meyer, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1818, daga samfurin yankin Essequibo da ke ƙasar Guyana ta yau, ya sa mata suna Agaricus molybdites. A wancan zamani kusan duk laima mai faifai a ƙarƙashi Agaricus ake ce mata. A 1879 Charles Peck ya sake bayyana ta a Amurka da sunan Agaricus morganii, shi ya sa a tsofaffin rubuce-rubuce za ka ci karo da Lepiota morganii. Abu ɗaya ne. A 1898 George Massee na lambun Kew a Ingila ya buɗe sabon gida mai suna Chlorophyllum saboda koren irin. Gidan ya daɗe kusan ita kaɗai ce a ciki, har 2002 da Else Vellinga, bisa binciken ƙwayoyin gado, ta dawo da wasu 'yan uwanta masu farin iri cikinsa. Abin dariya, yanzu akwai 'yan gidan "koren ganye" da babu kore a jikinsu ko ɗigo.

Silsilarta daga sama zuwa ƙasa ga ta. Ba tsiro ba ce, ko da yake daga ƙasa take fitowa. Tana cikin masarautar Fungi, tare da yis ɗin burodi da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu. Ba ta haɗa abincinta da hasken rana, ruɓaɓɓen ciyayi take narkarwa ta tsotse, kuma bangon ƙwayoyin jikinta da irin sinadarin ɓawon fara aka gina shi. A cikin masarautar tana rukunin Basidiomycota, ajin Agaricomycetes, jerin Agaricales inda yawancin masu faifai suke, sannan dangin Agaricaceae. Wannan dangi shi ne abin lura. A cikinsa ne farin naman kazan da ake nomawa ana sayarwa a manyan kantuna yake, Agaricus bisporus. A cikinsa ne Macrolepiota procera take, wadda Turawa ke nema a daji suna soyawa. A cikinsa kuma akwai wasu ƙananan Lepiota masu dafin da ke kashe hanta. Ɗaki ɗaya, hali bamban. Don haka sanin dangi bai isa a ce an san laima ba. Kama da wane ba ta wane.

Kafin mu fita fili, mu daidaita kalmomi. Saman laimar, hula. Sandar da ke riƙe da ita, kara. Siraran faifan ƙarƙashin hula, da suka taso daga tsakiya zuwa baki kamar ƙarafan lema, zan ce musu haƙarƙari. Abin da ya kewaye kara kamar wuyan riga, zobe. Garin da ke zuba daga haƙarƙari, wanda da shi take yaɗuwa, iri.

Mataki na farko: tsaya ka duba wurin kafin ka taɓa

Mutane da yawa na fara kuskure a nan, su fizge laima su taho da ita gida, in an tambaye su a ina ta fito sai su ce "a can bayan makaranta". Wurin fitowa rabin shaida ne.

Mai koren iri a ƙasa take tsirowa, cikin ciyawa, a buɗaɗɗen fili: lambun da ake ba ruwa, filin wasa, gefen hanya, wurin kiwo inda ƙasa ta sha taki. Ba ta fitowa a jikin kututture ko icce. In ka ga laima manne da gungume, wata ce daban. Sannan ba kasafai take fitowa ita kaɗai ba. Sau da yawa za ka gan su a jere sun yi baka, ko sun yi da'ira cikakkiya kamar an zana da igiya. Babu aljani a ciki. Ainihin jikin halittar zare ne fari siriri da ke saƙe a ƙarƙashin ƙasa. Yana farawa daga wuri guda ya yi ta bazuwa ta kowace fuska, in ya cinye abincin tsakiya sai rayayyen ɓangaren ya koma baki-baki, laimomin kuma a bakin suke fitowa. Shi ya sa da'irar ke ƙara faɗi kowace damina.

Duba kuma ko akwai suri ko alamar gara a kusa. Zan dawo kan dalilin.

Ɗauki hoto tun tana tsaye: ɗaya daga nesa a ga jerin da ciyawar, ɗaya daga sama, ɗaya ka durƙusa ka ɗauko ƙarƙashin hula. Ajiye biro ko murfin kwalba a gefe don a gane girma.

Mataki na biyu: tono ta da gindinta

Taɓa ta da hannu ba ya cutarwa, dafin sai an haɗiya yake aiki. Duk da haka ka wanke hannu in ka gama, kada kuma ka bar yara su taya ka. Sa wuƙa ko ƙaramar fartanya ka zurfafa a gefe, ka ɗago ta gaba ɗaya da ƙasar gindin. Kada ka yanke a tsakiyar kara, kada ka fizga. Abubuwa biyu da ke raba laimomi masu kama da juna a gindi suke ɓoye, kuma su ne ke saura a ƙasa in an yi garaje.

Ɗebo aƙalla uku: ƙarama da ba ta buɗe ba, matsakaiciya, da tsohuwa wadda ta baje har ta fara yaushi. Tsohuwar ta fi sauran amfani, ko da ba ta da kyan gani. Zuba su a kwali ko ka naɗe a jarida. Leda ba ta yi, domin a zafin damina cikin 'yan awoyi za su yi gumi su narke su zama kunu.

Mataki na uku: hula

Ƙaramar tana kama da sandar kiɗan ganga, kai dunƙule a saman kara. In ta buɗe sai ta zama kamar akushi a kife, daga baya ta baje ta yi fai-fai, wani lokaci da ɗan tudu a tsakiya. Faɗinta kan kama daga santimita 10 har zuwa 30. Farar fata ce, amma da ɓamɓaroki masu launin ƙasa-ƙasa ko ruwan kirfa a warwatse a kai. Asalinsu fata ɗaya ce da ta lulluɓe hular tana ƙarama; da hular ta yi ta faɗaɗa sai fatar ta tsattsage, kamar yadda laka ke daddarewa a bakin tafki in ruwa ya ja. Saboda haka tsakiya ya fi duhu, nan fatar ba ta yage ba, kuma ɓamɓarokin na raguwa in ana matsowa baki. Ruwan sama mai ƙarfi na iya wanke wasu, ka ga hula kusan sumul. Kada rashin su ya ruɗe ka.

Mataki na huɗu: kife ta ka duba haƙarƙari

Abu biyu ake dubawa. Na farko, ko haƙarƙarin sun taɓa kara. A mai koren iri ba sa taɓawa. Akwai 'yar rariya da ta kewaye karan, kuma in ka murɗa shi a hankali zai fita daga hula ba tare da ya yago su ba. A matse suke da juna, masu faɗi.

Na biyu, launi. A ƙaramar farare ne. A matsakaiciyar sun fara dusashewa, kamar farar rigar da ta sha wanki da ruwan rijiya. A tsohuwar sun koma kore-kore mai toka, daga ƙarshe su yi duhu su nufi ruwan ƙasa. Jera ukun nan a hasken rana, ba a hasken ƙwan lantarki ko tocila ba, za ka ga yadda launin ke tafiya. In tsohuwar ta nuna kore ƙarara, kusan magana ta ƙare, don a cikin manyan fararen laimomin ciyawa masu zobe ita ce aka sani da wannan. Amma in ba ka ga kore ba, ba a wanke ta ba tukuna. Wata takan kai cikakken girma haƙarƙarinta na nan fari, kuma irin waɗannan ne ke shiga tukunya.

Mataki na biyar: kara, zobe da gindi

Karan dogo ne, daga santimita 10 zuwa 25 galibi, kaurinsa kamar babban yatsa, yana ɗan kumbura ta ƙasa. Fari ne ko mai ɗan ruwan ƙasa, in an murza ya ƙara duhu. Sumul yake. Wannan na da muhimmanci, domin ita Macrolepiota procera da ake ci, karanta zane gare shi irin na fatar maciji, ratsi-ratsi masu duhu a karkace.

Zoben kauri gare shi, mai leɓe biyu, kuma a manyan yakan saki jikin kara har ka iya zame shi sama da ƙasa kamar zobe a yatsa. Amma 'yan uwanta da ake ci ma haka nasu yake, don haka zobe ba ya raba gardama. Abin da yake yi shi ne tabbatar maka cewa kana cikin dangin da ake zargi.

Yanzu kakkaɓe ƙasar gindin a hankali. Shin akwai wata 'yar jaka ko kwanso da karan ya fito daga ciki, kamar ƙwai da aka fasa? Mai koren iri ba ta da shi. In ka ga jaka, ka shiga wani babi, wataƙila mafi muni: dangin Amanita ke da jaka a gindi, kuma a cikinsu ne masu kisa suke, irin su Amanita phalloides. Akwai masu jaka da ake ci, kamar Volvariella, amma wannan ba wurin da mai koyo zai yi caca ba ne.

Sannan, shin gindin ya ƙare nan kusa, ko ya zarce ƙasa da wata doguwar jela kamar saiwar rogo siririya? A nan zancen suri ya dawo. Laimomin da aka fi ci a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su ne Termitomyces, waɗanda gara ke nomawa a cikin gidanta. Karansu na da doguwar jela da ke nutsawa har cikin saƙar garar, da yawansu kuma suna da tsini mai tauri a tsakiyar hula. Mai koren iri ba ta da jela, ba ruwanta da gara. Wanda ya saba cin na suri a ƙauyensu, ya zo birni ya ga manyan farare a ciyawar gidan gwamnati, shi ne ya fi kowa shiga haɗari, don idonsa ya riga ya saba da cewa babba fara abinci ce. Kallon kitse ake wa rogo.

Tsaga ɗaya daga sama har ƙasa. Tsokar fara ce, karan da rami a ciki, kuma wurin yankan kan ɗan sauya zuwa ja-ja ko ruwan lemo kafin ya yi ƙasa-ƙasa. Wani lokaci sauyin kaɗan ne, wani lokaci babu. Ni ban ɗauki wannan alama da nauyi ba, domin 'yar uwarta Chlorophyllum rhacodes ma tana ja in an yanka, har ta fi.

Mataki na shida: hatimin iri

Duk abin da ya gabata shaidar gani ce. Wannan shi ne alƙali. Tun zamanin Elias Fries, masanin ƙasar Suwidin da ya tsara laimomi a farkon ƙarni na 19, launin iri ne babban ma'aunin rarraba masu haƙarƙari, kuma har yau dabarar ba ta tsufa ba. Ba ta buƙatar komai sai takarda, kwano da dare ɗaya.

Zaɓi hular da ta buɗe sosai amma ba ta bushe ko ruɓe ba. Ƙaramar da ba ta buɗe ba ba za ta ba ka komai ba, irinta bai nuna ba. Yanke karan dab da hula. Nemo farar takarda da baƙa, ka haɗa su gefe da gefe. In babu baƙa, shafe rabin farar da baƙin alƙalami mai kauri, ko ka yanko bayan wani kwali mai duhu. Dalilin launi biyun shi ne farin iri ba ya fitowa a farar takarda, sai mutum ya ɗauka ba abin da ya zuba. Gilashi ma yana yi, don daga baya kana iya ɗora shi a kan fari ko baƙi.

Kife hular a kan mahaɗar takardun, haƙarƙari na kallon ƙasa, rabi a fari rabi a baƙi. Ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku a saman hular don kada ta bushe. Rufe da kwano ko roba, iska kada ta kwashe garin. Ajiye a wuri mai sanyi da inuwa, can saman kabad, inda yaro, kaza ko akuya ba za su kai ba. In tururuwa na damun ɗakin, ɗora takardar a faranti, farantin a kan kofi, kofin a cikin tire mai ruwa. Kwanon da ka yi amfani da shi ka wanke da sabulu kafin ya koma kicin.

Wani lokaci awa uku ko huɗu sun isa, amma ka bar ta ta kwana. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe, zanen zai ɓaci. Da safe ɗaga hular cak, ba tare da ka ja ta gefe ba. Za ka ga hoton haƙarƙarin ya kwanta a takarda, layi-layi kamar sifokin keke. Fita da shi waje ka duba.

In garin kore ne, ko kore mai toka, ko launin busasshiyar kuka da ta sha iska, ita ce. An gama.

In fari ne ko mai ruwan madara, ba ita ba ce, ko kuma ba ta nuna ba. A nan nake so a buɗe kunne: farin hatimi ba takardar izinin ci ba ce. Macrolepiota farin iri gare ta, haka ne, amma Amanita mai kisa ma farin iri gare ta, haka ƙananan Lepiota masu dafi. In ruwan hoda ne, ana tunanin Termitomyces ko Volvariella. In ruwan cakuleti ne mai duhu, ana tunanin Agaricus, su ma akwai masu ɓata ciki a cikinsu. In kuwa takarda ta tashi wayam, gwajin bai yi ba. Sake da wata hular, kada ka ce "ai ba kore". Hatimi na iya tabbatar maka laima mai guba ce. Shi kaɗai ba ya iya tabbatar maka ta ci ce.

Ɗaliban da ke da damar shiga ɗakin gwaji na iya ƙarawa da madubin ƙara girma. Ƙwayar irin mai siffar ƙwai ce, tsawonta wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ko ɗan fiye, bangonta da kauri, da 'yar ƙofa a ƙarshe ɗaya inda take tsirowa. In an ɗiga mata ruwan Melzer, wanda ke da aidin a ciki, takan rine ta koma ja mai ƙasa-ƙasa. In ana son adana hatimin, a bar shi ya sha iska, a naɗe takardar, a rubuta rana da wuri a baya.

Gwaje-gwajen da ba su da amfani

Akan ce in tsutsa ko dodon koɗi sun ci, mutum ma zai ci. Ba haka ba ne, cikinsu ba irin namu ba. Akan ce a jefa cokalin azurfa ko albasa a tukunya, in sun yi baƙi akwai dafi. Babu abin da ke haɗa wannan da dafin laima. Akan ce mai guba ɗaci gare ta ko wari. Wannan ba ta da ko ɗaya. Akan kuma ce tafasa na kashe komai. Gaskiya ne ɗanyarta ta fi tsanani, kuma dafin da masu bincike a Japan suka ware daga jikinta, suka kira molybdophyllysin, nau'in furotin ne. Amma dafaffiyar ma ta kwantar da mutane. Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne ba kowa take kamawa daidai ba: a ci tare, wani ya kwana lafiya, wani ya kwana a banɗaki. Don haka "ai wane ya ci bai yi komai ba" ba hujja ba ce. Manhajojin waya masu gane tsirrai daga hoto kuwa, ka ɗauke su a matsayin mai ba da shawara wanda bai taɓa ganin gindin laimar ba, bai kuma kwana yana jiran hatimi ba.

In an riga an ci

Alamu kan fara tsakanin awa ɗaya zuwa uku: tashin zuciya, amai babu ƙaƙƙautawa, murɗar ciki, gudawa kamar ruwa, wani lokaci har da jini. Babban mutum mai lafiya galibi yakan farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, a galabaice. Haɗarin yana ga ƙananan yara, tsofaffi da masu wata cuta, don ruwan jikinsu kan ƙare da sauri. Yara masu rarrafe da masu tatata su aka fi ji wa tsoro, su da ke kai komai baki a tsakar ciyawa. Karnuka ma tana kama su.

A tafi asibiti, kada a jira a gani. A tafi da ragowar laimar, ɗanya ko dafaffiya, a takarda, da hotunan da aka ɗauka. A riƙe lokaci biyu a ka: sa'ar da aka ci da sa'ar da amai ya fara. Likita na buƙatar wannan tazara ƙwarai. In alamu ba su fara ba sai bayan awa shida ko fiye, ana fargabar irin dafin Amanita ne, wanda ke yin lamɓo: amai ya tsaya, mutum ya ji sauƙi kwana ɗaya, alhali hanta na lalacewa. Fara amai da wuri ma ba ya kore wannan, in an haɗa laimomi iri-iri a miya ɗaya. Duk wanda ya ci daga tukunyar a kai shi, har wanda bai ji komai ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Lokacin fitowar laimar nan shi ne lokacin kwalara, kuma a ido alamun sun yi kama. In ba a faɗa wa ma'aikatan lafiya an ci naman kaza ba, ba lalle tunaninsu ya je can ba. A faɗa tun daga bakin ƙofa, ba kunya.

Kafin a isa, a riƙa ba da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, in mutum na cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ɗura manja ko madara da sunan karya dafi, ba sa karyawa, kuma ɗura wa mai amai abu na iya sa ya shaƙe. Kada a sa yatsa a maƙogwaro. Gawayin da likitoci ke bayarwa wani lokaci na musamman ne, ba na murhu ba. Idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya yi laushi ba ya kuka da hawaye, ko jini a bayan gida: waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

In ta fito a gidanka ko a makaranta

Ciyawa ba ta cutuwa da ita, hasali ma ruɓaɓɓen ganye take mayarwa taki. Matsalar yara da dabbobi ce. Da sassafe, kafin yara su fito, a zagaya a tuge duk wadda ta ɓullo, har ƙananan, a tona rami mai zurfi a binne ko a jefa a masai. Kada a watsa a juji inda awaki da almajirai ke bi. Tugewa ba ta kashe zaren da ke ƙasa, don haka bayan ruwa na gaba za su iya dawowa a da'irar nan dai, ɗan gaba kaɗan. Rage ban ruwa da kwashe yankakkiyar ciyawa na rage su. A makaranta, malamin kimiyya na iya ware hula biyu ko uku kafin a binne sauran, ya kife su a takarda a ofis ya kulle, washegari ya kai aji a zagaya da koren zanen kowa ya gani da idonsa.